Luru da tabarmar kaba a bakin iyakar Malanville

Hausawan Malanville ba baƙin jiya ba ne. Tun zamanin fataucin goro, ayarin Kano da Katsina kan ƙetare kogin Kwara ta wajen Gaya da Illo, su ratsa ƙasar Borgu zuwa Gwanja, jakunansu ɗauke da kanwa da fatu da kayan saƙi. Wasu sun yada zango ba su tashi ba. Jikokinsu na nan a cikin gari da ƙauyukan kewaye irin su Toumboutou, suna zaune da Dandawa da Zabarmawa da Fulani, suna cin kasuwar da ake cewa a duk Jamhuriyar Benin Dantokpa ta Kwatano ce kaɗai ta fi ta girma.

Wanda ke son ya ga yadda asali ke riƙe mutum a ƙasar wani, ya leƙa ɗakin amarya. A da, uwa ba ta ganin ta fita kunya sai ta shimfiɗa wa ɗiyarta luru ko gwado, ta jingine tabarmin kaba masu ado a bango. Luru saƙar maza ce: ƙyalle ƙyalle masaƙi ke fitarwa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ko kamu ɗaya ba, sannan a harhaɗa su gefe da gefe. Nan gwanintar take. Tilas masaƙi ya riƙe lissafin zarensa a ka, domin idan aka jera ƙyallayen, zanen wannan ya haɗu da na wancan daidai. Ya kuskure kaɗan, duk mai ido zai gani. Maƙwabta Zabarmawa suna da nasu bargon aure, tera-tera, mai cike da zane, kuma zaman tare ya sa kaya da ado sun daɗe suna shiga gidajen juna.

Ita kuwa tabarma, kabar goruba ake tsagawa siriri, a rina wani sashe ja da karan dafi, a kitsa doguwar saƙa, a ɗinke. Ranar da aka shimfiɗa sabuwa, ƙamshin kaba kan cika ɗaki.

Yau tabarmar roba da dardumar kanti ta Sin da Turkiyya sun mamaye rumfuna. Ba na ganin laifin mai saye. Roba ta fi araha, ruwa ba ya cin ta, kuma talaka da aljihunsa yake shawara. Rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin jama'a sun koma ƙetarawa da kwalekwale, kuɗin dako ya hau kan kowane kaya. Abin da ke damuna ya wuce farashi. Idan tsohon masaƙi ya rasu ba almajiri, yana tafiya da lissafin zanen da sunayensa. Yaron da aka haifa a Malanville, wanda Faransanci ne harshen makarantarsa, Dandanci na wasansa, kayan ɗakin uwarsa na cikin 'yan abubuwan da ke nuna masa inda kakanninsa suka fito.

Wata ƙasa ta fuskanci irin wannan, ta ɗauki mataki. A Azarbaijan, mata ne akasari ke saƙa darduma, har da marasa gashi irin su kilim, palas, sumak da varni, kuma uwa ke koya wa ɗiya. Kowane zane da sunansa: buta mai kama da ɗigon ruwa mai lanƙwasasshen kai, ko macijin almara da ake jerawa a jikin varni. An buɗe gidan tarihin darduma a Baku a 1967, masani Latif Karimov ya tattara zanukan yankunan ƙasar ya rubuta, kuma a 2010 UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya.

Ba sai an gina irin wancan gida a bakin Kwara ba. Wayar hannu ta isa a ɗauki hoton kowane luru da ya rage a cikin adakar tsofaffi, a tambayi mai shi wa ya saƙa, a wane gari, me ake kiran zanen. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Malanville suna da bakin da za su sa a fara, kuma iyayen amare suna iya sa luru ɗaya cikin kayan ɗaki ko da an sayi kafet.