Lambar Nan 144,000: Bari Mu Ƙirga Ta

A cikin Wahayin Yahaya sura 7 da sura 14 akwai wata lamba da take tayar wa masu bi da yawa hankali, wato 144,000. Waɗansu masu bi gida gida suna koyar da cewa mutane 144,000 ne kaɗai za su shiga sama. Mu a nan Tudun Wada ta Sakkwato muna ganin ya kamata iyaye su zauna da yaransu su duba lambar da kyau kafin tsoro ya kama su.

Kakanninmu sun saba da manyan lambobi. Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, da wuri ake ciniki a kasuwa, ana zuba wuri 20,000 a cikin keso guda. Ke nan wuri 144,000 keso 7 ne da ragowar 4,000. In goro ne, ƙwarya 1,440 ke nan, gama ƙwarya goro 100 ce. In kuwa mutum zai ƙirga ɗaya ɗaya, kowace daƙiƙa guda, ba ci ba barci, zai yi awa 40 cif.

Lambar cika ce, ba mara ba. Za a iya raba ta biyu har sau 7 kafin a kai ga mara, wato 1,125. Mutum 2, ko 3, 4, 5, 6, 8, 9, 10 ko 12, za su raba ta daidai ba saura. Mutum 7 ne za su bar 3 a ƙasa. Dukan lambobin da suke raba ta daidai guda 96 ne.

To, yaya aka gina ta? 12 sau 12 shi ne 144, sau 1,000 kuma 144,000. Sura 7 ta lissafta kabilan Isra'ila 12, kowace da mutum 12,000, ba wadda ta fi wata ko da mutum guda. Wanda ya taɓa ƙirga jama'a ya san kabilai ba sa fitowa daidai haka. Shi ya sa masu fassara da yawa suka ɗauke ta alama ce ta cikar jama'ar Allah, ba wanda aka manta.

Kada kuma mu tsaya a aya 8. Aya 9 ta nuna wani babban taro daga kowace al'umma da kowane harshe, wanda ya fi ƙarfin ƙirga. Hausa ma tana cikin harsunan nan.

Da daren nan, bayan an ci tuwo, a ba yara takarda su raba lambar da kansu. Sa'an nan mai gida ya karanta musu sura 7 tun daga farko har ƙarshe.