Daga shafi na 32 sai na 49: ina sauran suka maƙale?

A farkon watan Oktoba, lokacin da yara ke komawa lakwal, na sayo wa ɗana littafin lissafi a hannun wani mai shimfiɗa littattafai a ƙasa, nan unguwar Bukoki, kusa da kasuwar Katako. Bango mai kyau, rubutu tas. Sai bayan mako uku yaron ya dawo yana kuka, wai malam ya ba su aiki a shafi na 40, shi kuwa nasa littafin ba ya da shi. Da na duba, sai na tarar daga shafi na 32 an sake komawa na 17, daga nan aka tsallake zuwa na 49. Shafi 16 sun zo sau biyu, wasu 16 kuma babu su ko sama ko ƙasa.

Mai sayarwa ya rantse ba laifinsa ba ne, kuma gaskiyarsa. Injin ɗab'i ma ba shi da laifi. Ɓarnar ta auku ne a wani mataki da masu ba da aiki, fatake da ma'aikatan gwamnati, ba su cika tambaya a kansa ba: wurin haɗa littafi bayan an gama bugawa.

Ba shafi-shafi ake buga littafi ba. Babban fallen takarda ake sa wa inji, ya buga shafi 8 a fuska ɗaya, 8 a ɗaya fuskar. In aka ninke fallen sau uku, sai ya zama ɗan ƙunshi mai shafi 16. Littafi mai shafi 160 ƙunshi 10 ke nan, kuma dole a jera su bi da bi. Wanda ya ba da aikin littafi 5.000, to, ƙunshi 50.000 za a ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A ƙananan maɗaba'u irin na unguwanninmu, da hannu ake wannan aiki: a jera tsibi goma bisa dogon tebur, ƴan koyo su riƙa zagayawa suna tsinta. Yaron da ya wuni yana zagaye cikin zafin Yamai, in hannunsa ya koma tsibi na biyu maimakon na uku, wa zai ga laifinsa?

Don wannan aiki ne aka ƙera na'urar da Faransawa ke kira assembleuse. Doguwa ce, da aljihuna a jere, kowane aljihu da tsibinsa. Wani ɗan bakin roba mai zuƙar iska ya jawo gefen ƙunshin da ke can ƙasa, wasu yatsun ƙarfe da ke jikin ganga mai juyawa su cafke shi, su sauke shi cikin kwararo, sarƙa ta tura shi gaba zuwa aljihu na gaba, na biyu ya faɗo bisansa, haka har littafi ya cika. Amfaninta bai tsaya ga sauri ba. Kowane aljihu yana da ma'aunin kauri: in yatsun sun kamo biyu, ko sun dawo wayam, na'urar ta tsaya cik. Sai dai wannan ma'auni kauri ya sani, bai iya karatu ba. In ma'aikaci ya zuba tsibin da ba shi ba ne cikin aljihu, haka za ta haɗiye shi, sai fa sababbin da aka sa wa kyamara mai duba shafi. Ga mujallu da ƙananan littattafai kuma akwai wata, mai buɗe ƙunshin ta tsakiya ta ɗora shi bisa sarƙa kamar sirdi a bayan doki, ta ɗinke da waya, wuƙaƙe uku su datse gefuna. Kamfanin Müller Martini na ƙasar Suwis, wanda Hans Müller ya kafa a garin Zofingen a 1946, da irin wannan na'ura ya yi suna.

To, me ya hana su yawaita a nan? Aikin ɗab'i na masu zaman kansu ya bunƙasa ne tare da buɗewar siyasa: jaridar Haské ta fito a 1990, Le Républicain ta marigayi Maman Abou, mai maɗaba'ar NIN, ta biyo baya a 1991, shekarar Taron Ƙasa. Ba a jima ba, ran 12 ga Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya ninka, daga takarda har tawada da kayan gyara. Mai ƙaramin jari injin bugawa yake fara saye, ko da tsoho ne, sa'an nan wuƙar yanka da ake ce wa masiko. Na'urar haɗi ita ce ta ƙarshe, tunda ladan ƴan koyo bai kai kuɗinta ba. Ko wanda ya saye ta ma, sai ya yi fama da yanayinmu. Da hunturu iska ta bushe, takardu su manne da juna, ƙura ta toshe bakin robar. Da bazara robar ta tsattsage. Da damina takarda ta sha laima ta lanƙwashe.

Abin mamaki, malamanmu sun daɗe da sanin wannan matsala. Alƙur'ani rubutun hannu ba a ɗinke shi, warwara yake cikin tadarishi da gafaka. Saboda haka marubuci kan sa kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan wanda ya gama, ta yadda ko iska ta watsar da takardun, almajiri zai iya mayar da kowace gurbinta. Maɗaba'a ma tana da irin tata dabarar: a bayan kowane ƙunshi, daidai wurin ninki, a buga ɗan baƙin layi, na biyu ya ɗan sauka ƙasa da na farko, na uku ƙasa da na biyu. In an haɗa littafi daidai, layukan su fito kamar matakala. In ƙunshi ya ɓace ko ya maimaitu, matakalar ta karye, ido ya gani nan take kafin a manna bango. Ko dala ba ta ci, tawada ce kawai da kula. A ganina, maɗaba'ar da ke haɗi da hannu ba ta sa wannan alama ba ta da hanzari.

Ɗan kasuwar da zai buga littafin rasit, da ma'aikacin da zai sa hannu a takardar kwangilar littattafan makaranta, ya kamata su rubuta wannan sharaɗi tun farko, su kuma faɗi irin haɗin da suke so: ɗinkin zare, ko waya, ko gam. Gam mai arha kan saki in littafi ya sha zafin watan Afrilu cikin shago mai rufin kwano. Ran karɓar kaya kuma, kada a tsaya ga na saman kwali. A zaro daga tsakiya da ƙasa, a bi shafi na 16, na 32, na 48, a ga abin da ke bin kowane.

Ni dai na koma Bukoki da littafin. Muka buɗe sauran guda 12 da ke gaban mai sayarwa, muka sami 2 masu irin wannan ciwo. Ya musanya mini nawa, ya ware su gefe, ya ce asarar a wuyansa take, don wanda ya sarar masa ba ya karɓar kome.