Abin da ya kamata ku sani: Me ya sa jirgin sama ba ya tashi da dukan ƙarfinsa?

Yawancin jiragen fasinja ba sa sakin dukan ƙarfin injinsu wajen tashi. Matuƙa ne ke rage shi da gangan, kuma dokokin sufurin sama sun amince.

Dabarar ta dogara ne ga zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, shi ya sa injin jirgi ke rauni idan rana ta ƙwalle. Galibin injuna kan ba da cikakken ƙarfi har zafi ya kai kusan digiri 30, daga nan sai ƙarfin ya soma ja baya.

Kafin tashi, matuƙa kan haɗa nauyin jirgi da tsawon titi da yanayin iska, lissafi ya fitar musu da zafi mafi tsanani da jirgin zai iya tashi lafiya a cikinsa. A ce 55 ya fito, alhali a waje 25 ne. Sai su shigar da 55 a kwamfutar jirgin, ita kuwa ta saki ƙarfin da injin zai bayar a rana mai wannan zafin kawai. Airbus na kiran tsarin Flex. Ragin bisa al'ada bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba. A Kano ko Yamai da tsakar ranar bazara, abin da za a iya ragewa kaɗan ne.

Ba don tsimin mai ake yi ba. Wajen tashi ne cikin injin ya fi ɗaukar wuta, kuma rage wannan zafin na ƙara masa shekaru, ya rage kuɗin gyara.

To, babu haɗari? Lissafin ya riga ya ƙaddara cewa injin ɗaya zai iya mutuwa ana tsakiyar gudu. Ga shi iskar gaskiya ta fi wadda aka ƙaddara kauri, kuma matuƙi na iya tura cikakken ƙarfi duk sa'ad da ya so. An kuma hana rage ƙarfin idan ruwa ya kwanta a titi, ko akwai ƙanƙara.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuskuren lamba. Ranar 20 ga Maris 2009 a Melbon ta Ostireliya, matuƙan wani Airbus A340 na Emirates sun shigar da nauyin jirgin tan 262.9 maimakon 362.9. Jelar jirgin ta goge titi, da ƙyar ya tashi bayan kyaftin ya saki dukan ƙarfi. Shi ya sa ake son kowane matuƙi ya yi lissafinsa daban, sannan su gwada.