"Za Ni Gida": Yadda Ake Faɗinta da Suwahili da Wasu Harsuna

Gabatarwa

Da wuya rana ta faɗi mutum bai ambaci gida ba. Saboda haka ne mai koyon baƙon harshe yakan fara da neman yadda ake cewa "za ni gida". Wannan maƙala za ta duba wannan 'yar jimla a Suwahili, babban harshen Afirka ta Gabas wanda Tanzaniya da Kenya suka riƙa a matsayin harshen ƙasa, sannan ta waiwayi wasu harsuna, don a ga hatsarin da ke cikin fassarar kalma da kalma.

Ginin jimlar

Da Suwahili ana kiran gida nyumba. In an liƙa mata ɗafa-ƙeyar -ni sai ta zama nyumbani, watau ta koma sunan wuri. Ga misalai:

1. Ninaenda nyumbani: Ina tafiya gida.
2. Niko nyumbani: Ina gida.
3. Ninatoka nyumbani: Daga gida nake.
4. Twende nyumbani: Mu tafi gida.

Za a lura cewa nyumbani ba ta sāke siffa ba ko sau ɗaya. Aikatau shi ke nuna ko zuwa ake yi, ko zama, ko fitowa. Kalmar ninaenda kuwa gaɓa uku ce aka haɗe: ni- wakilin mai magana, -na- alamar lokaci mai ci, -enda saiwar aikatau. In aka sa -ta- a tsakiya an sami lokaci mai zuwa, kamar nitarudi nyumbani, "zan koma gida".

A nan Hausa ta yi kusa da Suwahili, domin Bahaushe ba ya bukatar "zuwa" in ya ce "za ni gida". Larabci kuwa yakan sa ila, ya ce ilal baiti, Yarabanci ya sa sí, ya ce mo ń lọ sí ilé. Fulatanci ya fi su taƙaitawa, don yana da aikatau guda, hootugo, wanda ma'anarsa ita ce komawa gida, ba sai an ambaci gidan ba.

Gida biyu

Ma'aikacin da ya tashi daga ofis a Darussalam zai ce ninaenda nyumbani, ko da ɗakin haya yake nufi. Amma in hutun ƙarshen shekara ya zo, ya nufi ƙauyen da aka haife shi, yakan ce ninaenda kwetu. Ma'anar kwetu ita ce "wajenmu", kuma jam'i ce ko da mutum ɗaya ke magana, kamar yadda Bahaushe ke cewa "garinmu" ba "garina" ba. Watau a harsunan biyu mahaifa ba mallakar mutum ɗaya ba ce.

Har wa yau, gida yana nufin mutanen da ke cikinsa. Habari za nyumbani? daidai take da "Ina gida?", haka kuma wasalimie nyumbani ita ce "a gai da gida".

Inda ake tuntuɓe

Wannan kamanci yana iya ruɗin ɗalibi. Alal misali, mwenye nyumba a zahiri "mai gida" ce, amma galibi ana nufin wanda ya mallaki ginin, musamman mai karɓar kuɗin haya.  Mafi muni ita ce nyumba ndogo, "ƙaramin gida", wadda a bakin mutanen Tanzaniya take nufin macen da magidanci ya ajiye a waje ba da aure ba. Baƙon da ya ce can zai koma, yana nufin ɗan masaukinsa, ya ɓata sunansa da bakinsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙamus yana ba da kalma ne kawai. Wajibi ne mai fassara ya tambayi kansa wane gida ake nufi: gini, ko iyali, ko mahaifa.