Batura a Gurbin Dizal: Ƙananan Jiragen Iska Sun Kama Sabuwar Hanya

 Yau shirinmu zai leƙa tashoshin ƙananan jiragen ruwa na Turai da Amurka, inda masu jirage ke ta cire injin dizal suna maye gurbinsa da injin lantarki da manyan batura.

Jiragen da ake magana a kansu su ne masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaga wa ƙyalle a jikin doguwar sanda. Yawancinsu tsawonsu bai wuce mita 8 zuwa 12 ba. Duk da cewa iska ce ke tura su, kusan kowannensu yana da ɗan inji a ƙarƙashin matakalar shiga ciki, domin fita daga tasha, da shiga cikinta, da kuma ranar da iska ta ɗauke. Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne tun shekarun 1970 da 1980. Jikinsu garau yake, amma injin ya gaji: ga hayaƙi, ga ƙara, ga yoyon baƙin mai, ga warin da ke bin katifa da tufafi. Idan irin wannan inji ya mutu, mai jirgi yakan tsaya ya yi lissafi, ko ya sayi wani na dizal, ko ya koma lantarki.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun a 1839 wani masani mai suna Moritz von Jacobi ya tuƙa kwalekwalen lantarki ɗauke da mutum 14 a kogin Neba na birnin Santa Fitasbag a Rasha. A tafkin Konigse na kudancin Jamus kuwa, jiragen lantarki ne ke jigilar baƙi tun 1909. Abin da ya daɗe yana taka wa fasahar birki shi ne nauyin batir.

Aikin sauyin kansa ba ya da wani sarƙaƙiya sosai. Ana kwance tsohon injin a ciro shi da ƙugiya, a fitar da tankin mai, da bututun hayaƙi, da tiyon da ke jawo ruwan sanyaya inji. Sai a wanke ramin tas, a kafa injin lantarki wanda mutum ɗaya kan iya ɗagawa da hannu, a haɗa shi da tsohon sandan da ke juya farfela. A nan ne gwanintar makaniki ke fitowa, domin dole sandan da injin su daidaita sak, in ba haka ba jirgin zai riƙa kaɗawa, robar da ke hana ruwa shigowa kuma ta cinye. Galibin masu ƙananan jirage suna zaɓar wuta mai ƙarfin bolt 48. Injin kilowat 10 a wannan tsari yana jan fiye da amfiya 200, saboda haka wayoyinsa kan kai kaurin yatsa, kuma kowace mahaɗa sai an ɗaure ta tamau an kare ta daga gishirin teku. Mahaɗa ɗaya mai sako-sako ta isa ta yi zafi ta tayar da gobara.

Baturan da aka fi amincewa da su yanzu su ne na litiyom mai haɗin ƙarfe da fosfet, irin waɗanda masu sola ke kafawa a gidaje da shaguna. Ba sa saurin kamawa da wuta kamar sauran nau'o'in litiyom, kuma ana cika su a sauke sau dubbai kafin su raunana. Kowane jeri yana tafe da 'yar na'ura mai sa ido, wadda ke yanke wuta in caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko zafi ya wuce kima. Ana ɗaure su a can ƙasa, kusa da tsakiyar jirgin, don kada nauyinsu ya karkatar da shi.

To, masu sauraro, ga inda gizo ke saƙar. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 10 na mitar wuta. Inji yana ɓarar da mafi yawansa a zafi, amma duk da haka jarka ɗaya mai lita 20 tana ba da aikin da ya kai yunit 50 zuwa 60. Kafin a tara wannan a batir, sai an loda wa jirgi kusan rabin tan. Jarkar kuwa nauyinta bai kai kilo 20 ba.

Abin da ke ceton masu lantarki shi ne halin ruwa da kansa. In aka ninka gudun jirgi sau biyu, ƙarfin da yake bukata yakan ninku kusan sau takwas. A ɗauki misalin jirgi mai mita 9 da batura masu yunit 20. In yana tafiyar kilomita 5 da rabi a awa a ruwa mai kwanciya, kilowat ɗaya kan ishe shi, ya yi awa 20, ya ci fiye da kilomita 100. In matuƙi ya matsa masa ya kai kilomita 11 a awa, cikin awa biyu da rabi batir zai ƙare, bai ko cika kilomita 30 ba. Shi ya sa masu irin waɗannan jirage idonsu ba ya barin allon da ke nuna yawan wutar da ake sha.

Cika baturan yana da hanyoyi uku. Akwai soket na tasha, akwai farantan sola, akwai kuma farfelar kanta. Lokacin da iska ke tura jirgin, ruwa yana juya farfela, injin ya koma janareta yana mayar da wuta. Kamfanin Oceanvolt na ƙasar Finlan ya yi suna a wannan fanni, kamar yadda Torqeedo na Jamus ya yi a ƙananan injuna. Shi Torqeedo an kafa shi ne a 2005 a gaɓar tafkin Sitanbag, inda doka ta taƙaita amfani da injin mai, kuma a 2024 Yamaha ta saye shi.

Jirage biyu sun nuna iyakar abin ta fuskoki biyu. Na farko shi ne Uma, ƙirar 1972 mai kusan mita 11, wanda wasu matasa biyu, ɗan Kanada da 'yar Haiti, suka saya a lalace. Injin lantarkinsu na farko daga motar ɗaga kaya suka ciro shi. Da wannan jirgi suka ƙetare tekun Atilantika, daga baya suka kai tsibiran Subalbad a can kusa da ƙuryar arewacin duniya. Sirrinsu shi ne injin na shiga da fita tasha ne kawai, in iska ta ɗauke kuma su jira ta.

Na biyu shi ne Aventura Zero na Jimmy Cornell, tsohon ma'aikacin BBC kuma fitaccen matuƙi, wanda ya kafa gasar ƙetare Atilantika ta ARC a 1986. A 2020, yana da shekara 80, ya tashi daga birnin Sabiya na Sifen da niyyar zagaya duniya ba tare da ɗigon mai ba, a kan hanyar da matuƙan jirgin ruwa Majelan da Elkano suka bi shekara 500 kafin nan. Da ya isa tsibirin Tenerif sai ya dakatar da tafiyar. Wutar da farfela da sola ke samarwa ta kasa biyan bukatar girki, da firji, da na'urar tuƙi, da sauran kayan jirgin.

Saboda haka ne masu tafiyar nesa da dama suke ajiye ɗan janareta a gefe, wasu kuma su bar dizal ɗinsu yadda yake. Amma ga mai fita yawon yini guda a tafki ko a bakin teku ya dawo ya jona caji, sauyin ya riga ya karɓu: babu canjin baƙin mai, babu tata, babu hayaƙi, kuma injin yana amsawa nan take a matsattsiyar tasha. Kuɗin farko ne ke da nauyi, domin sau da yawa injin da baturan sukan kai farashin sabon injin dizal ko su zarce shi, sai dai farashin baturan litiyom ya yi ƙasa ƙwarai tun daga 2010.