Hancin Lantarki Mai Sansano Yoyon Gas

A ranar 18 ga watan Maris na 1937, iskar gas ta taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London, cikin jihar Teksas ta Amurka. Ba wanda ya ankara, domin iskar ba ta da wari. Da tartsatsin wuta ya taɓa ta, sai ginin ya tarwatse, kusan mutum 300 suka halaka, akasarinsu ɗalibai. Wannan ne ya sa jihar ta kafa dokar gauraya gas da wani sinadari mai ɗoyi. Irin wannan ɗoyin ne uwargida kan ji idan tukunyar gas tana yoyo.

To, amma hanci yana da iyaka. Jijiyoyin sansana da ke can saman kogon hanci sukan saba da wari idan ya daɗe, shi ya sa majemi ba ya jin warin majema. Haka nan mai mura da mai barci ba su cika jin wari ba. Ashe ke nan ana bukatar hancin da ba ya gajiya.

Wani mutumin Japan, Naoyoshi Taguchi, shi ne ya ƙirƙiro irin wannan hanci, ya kuma shiga kasuwa a 1968. A kan dabararsa aka gina 'yan ƙananan na'urorin nan masu araha, irin su MQ-2 da MQ-6, waɗanda masu sha'awar haɗa kayan lantarki ke amfani da su.

Yaya na'urar ke aiki? A cikinta akwai ɗan bututu da aka shafe da sinadarin kuza mai haɗe da iskar oksijin, wato kuzar nan da aka san Jos da haƙarta. Wata siririyar waya ce ke zafafa bututun. A cikin tsabtatacciyar iska, oksijin kan manne a jikin sinadarin, ya takura wa lantarki hanyar wucewa. Da zarar gas ya iso, sai ya haɗu da oksijin ɗin ya janye shi, hanya ta buɗe, lantarki ya ƙaru. Ɗalibi na iya jona na'urar da allon Arduino da 'yar ƙararrawa, ya ba ta wuta bolt 5. Idan lantarkin ya haura ƙa'idar da aka tsayar, sai ƙararrawa ta kaɗa.

Gas na girki yakan kama da wuta idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, amma na'urar kan sansano shi tun bai kai haka ba. Da yake ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka kusa da daɓe ake kafa na'urar. Sabuwa kuwa sai an bar ta a kunne aƙalla awa 24 kafin awonta ya daidaita.

Wajibi ne malamai su nuna wa ɗalibai cewa hayaƙi da turare mai sinadarin barasa kan ruɗi na'urar. Saboda haka abin da aka haɗa a aji na koyo ne, ba zai maye gurbin ƙararrawar da hukuma ta tantance ba. Idan kuwa aka ji warin gas ko ƙararrawa ta kaɗa, a rufe tukunya, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki, sannan kowa ya fita waje.