Baƙin Mai A Ƙarƙashin Mota: A Gano Mafarinsa Kafin A Ɗora Shanu

'Yan'uwa fatake, dillalai da masu masauki, na nan Ankara da na ƙetaren iyaka. A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da ta takardun kan iyaka, za mu leƙa ƙarƙashin mota. Wani zai ce me ya haɗa falke da aikin fita, wato makanike a bakin 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi? To dukiyar da ke bayan motar tamu ce, kuma mai rai ce. Mai siminti in motarsa ta lalace yana iya kwana uku a gefen hanya, buhunsa ba ya jin ƙishirwa. Mu kuwa kowace awa da mota ta yi a tsaye cikin rana, a jikin shanunmu take fita.

A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wanda shi ma fataucin shanu yake yi, ya karɓi filin da ya zama Nima daga hannun gidan Odoi Kwao, inda dabbobi kan huta kafin a kai su kasuwa. A wancan zamani da ƙafa ake koro shanu daga arewa, don haka falke na ƙwarai dole ya iya bambance ɗingishin ƙaya da na ciwon kofato. Yau atikuleta ce ke ɗauke da su, tafiyar sama da kilomita 800 daga Paga, a bi ta Bolga, Tamale, Kintampo, Techiman da Kumasi har kasuwar Tulaku da ke Ashaiman. Ashe ke nan sanin lafiyar mota ya shigo cikin sana'armu, ko muna so ko ba ma so.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen

Wani ɗan'uwanmu ya yi lodin shanu 36 a Pouytenga ta Burkina Faso ana saura kwana goma babbar Sallah. Tun a wurin lodi ya hangi baƙin tabo kamar faɗin faifai a ƙasa, daidai inda kan motar ya kwana. Da ya yi magana, direba ya ce masa, "Alhaji, kada ka damu, gumi ne kawai injin ke yi." A Tamale suka tsaya wurin wani fita na bakin hanya, ya leƙa ya ga gindin injin jiƙe, ya ƙara ɗaure notuna, ya shafa gam, ya karɓi kuɗinsa. Sun wuce Kintampo da kaɗan jar fitila ta kama, direba ya ce bari a lallaɓa zuwa Techiman. Ba su kai ba, injin ya buga.

Yini da kwana suka yi kafin a samo wata motar. Shanu uku suka kwanta aka tattake su, dole aka yanka aka sayar yadda aka taya, sauran kuma suka iso Tulaku a rame bayan manyan masu saye sun gama. Da aka duba injin daga baya, sai aka tarar siririn bututun da ke kai wa tobo mai ne ya tsage can sama. Gindin da aka shafa wa gam lafiyarsa lau. Kuɗin bututun bai kai na ɗan akuya ba.

Mun kai wannan labari wani bes da ke kusa da kasuwar Malam Atta, inda mukan sha ataya da wani dattijon fita wanda ya koyi aiki a Suame Magazine ta Kumasi. Da ya gama ji sai ya girgiza kai ya ce, "Alhazai, ai mai ba ya hawa sama. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban." Ya ce tambaya uku ce ake yi wa kowace yoyo: wane irin mai ne, daga ina ya taso, kuma nawa yake zubarwa. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin mai ne?

Abu na farko shi ne a sami kwali mai tsabta a shimfiɗa ƙarƙashin motar daga gaba har bayan giyabos, a danne shi da duwatsu, a yi alamar inda tayoyin gaba suke, a bar shi ya kwana. Ƙasar wurin lodi ba abin dogaro ba ce, don motoci da yawa sun tsaya a kanta kafin tamu. Da safe a dangwala da yatsa, a duba, a shinshina.

In baƙi ne ƙirin mai sulɓi, to baƙin man injin ne, domin man injin gas ba ya daɗewa bai yi baƙi ba saboda hayaƙin da yake kwasa. In mai kauri ne kamar zuma, ga wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan man giya ne, na giyabos ko na aksul. In ja ne mai ɗan ruwa-ruwa, galibi na sitiyari ne. In tsinkakke ne kamar kananzir, da warinsa da kowa ya sani, gas ne ke tsiyaya. In kore ne ko ruwan hoda, ko kuma ruwa ne mai tsatsa, daga lagireto yake.

Akwai kuma man birki, mai haske da santsi, wanda ke garwayuwa da ruwa ya kuma ci fenti. Manyan motoci da iska suke taka birki, saboda haka a wurinsu kuloci ne ke amfani da irin wannan mai. Amma ƙananan motocin da ke kwaso mana shanu daga Tulaku zuwa Malam, Nima da Mamobi, da yawansu birkinsu na mai ne. In aka ga wannan a jikin taya ko ƙarƙashin inda direba ke zama, magana ta ƙare, ba a ɗora ko tunkiya.

Daga ina ya taso?

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar fanka da ta hanya kuma na kora shi baya, sai ya taru a gindin injin ko a mahaɗar injin da giyabos. Wanda ya leƙa daga ƙasa zai rantse nan ne matsalar take. Shi ya sa ake sauke giyabos a canza sil na baya, a ci yini biyu da kuɗi mai yawa, a fita hanya a ga yoyo na nan.

Yadda ya kamata a yi shi ne a wanke injin tas, a bari ya bushe. Dattijon namu ya ce hodar yara ma ta isa: a barbaɗa ta a wuraren da ake zargi, a tada injin ya yi zafi, sai man ya zana hanyarsa a kan farar hodar. A wasu garejin akwai wani ruwa da ake zubawa cikin mai, a haska shi da fitila ta musamman ya yi ƙyalli, amma hoda da tocila sun wadatar. Ƙa'idar ita ce a bi jiƙon zuwa sama da gaba, har a kai inda ƙarfe ya bushe. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe, nan ne mafarin.

Daga sama a fara da gaskit ɗin murfin kan injin, sai bututun tobo biyu, mai kai mai da mai mayar da shi, sai kwamfiresan iska, sai ɗan makunnin da ke kunna jar fitila. A duba filta da kyau, musamman in ba a daɗe da yin juye ba, domin tsohuwar robar takan manne a jikin injin a ɗora sabuwa a kanta, su biyun kuwa ba sa riƙe mai. Haka notin juye, in an mayar da shi da tsohuwar washa ko an murɗe shi har ya ci zare. Sil na gaba in ya mutu yakan fesa mai ko'ina, a ga bel da fanka sun yi baƙi. Na baya kuwa ta ƙasan gidan kuloci yake ɗiga, kuma a nan hanci ne alƙali: in warin man giya aka ji, to sil ɗin giyabos ne, ba na injin ba.

A lura da lokacin da yake zuba. Wanda ke ɗiga mota na kashe, daga gindi ne ko notin juye, kuma yawanci a hankali yake yi. Wanda ba ya fitowa sai an tada injin, yana ƙaruwa in an taka totur, wannan famfo ne ke turo shi da ƙarfi, kuma shi ne mugun. Irinsa ne ya kwantar da motar ɗan'uwanmu: a tsaye tabo kaɗan, a kan hanya feshi.

In kuwa aka ga sil biyu ko uku suna yoyo lokaci guda, ruwa ba ya tsami banza. Kowane injin yana da bututun numfashi da ke fitar da tururin cikinsa. In ya toshe, ko ringi ya cinye hayaƙi na sauka ciki, iska kan matse ta turo mai ta kowace kafa, kuma ko an sa sabon sil ba zai daɗe ba. Cika mai ya wuce alama shi ma yana jawo haka. A ƙarshe a zaga bayan tayoyi. In cikin taya ya jiƙe da man giya, sil ɗin aksul ya saki, man kuma na jiƙa birki. Motar da ke ɗauke da shanu sama da talatin a gangara, ga birki mai santsi, Allah ya kiyashe mu.

Nawa yake zubarwa?

Ba kowace yoyo ce ke hana tafiya ba. Tsohuwar mota da wuya a same ta a bushe, kuma danshin da ƙura ta manne masa amma ba ya ɗiga, ana iya tafiya da shi a gyara bayan an sauke. Sai dai a yi lissafi. Ɗigo 20 kusan mililita 1 ne. In yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a awa guda an zubar da kusan mililita 180, a awa 24 kuma an haura lita 4. Injin babbar mota yana ɗaukar tsakanin lita 30 zuwa 40, amma ba sai ya ƙare kaf ake shiga uku ba. Da ya yi ƙasa sosai, a hawa ko a kwana famfo sai ya zuƙi iska, ƙarfe ya hau ƙarfe.

Geji ne zai faɗi gaskiya. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira kamar minti 10 mai ya sauka, a zaro geji a goge a mayar, sannan a karanta. A yi haka a wurin lodi, a maimaita a Paga lokacin da ake jiran takardu, sannan a Tamale da Techiman. In mai na raguwa alhali ƙasa a bushe, a dubi salansa, shuɗin hayaƙi alama ce injin na ƙona shi. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shige shi. In kuma geji ya nuna ya ƙaru ba wanda ya ƙara, yana warin gas, to gas ne ke sauka ciki, shi ma haɗari ne.

Jar fitilar mai kuwa ba ta da lallaɓawa. Da ta kama a nemi gefe a kashe injin nan take. Mintuna kaɗan sun isa su mayar da gyaran bututu ya zama sayen injin.

Namu laifin

Mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Sau nawa direba ya ce a ba shi rabin yini ya duba mota, muka ce kasuwa za ta tashi, in ba zai iya ba akwai wani? Direban da ya san zai rasa lodi in ya faɗi gaskiya, dole ya ce gumi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motar da za ta yi lodi gobe, yau da dare ake shimfiɗa mata kwali, kuma mai kaya ko yaronsa ya kasance a wurin da safe lokacin da za a ɗaga shi.

Muna kuma ba da shawara a yi magana a gaban shaidu kafin a ba da kuɗin gas: in mota ta lalace a hanya, wa zai biya motar da za ta kwashe shanun? Sannan kowace mota ta tashi da galan na baƙin mai irin wanda ke cikinta, da filta, da washa. Masu tasowa daga nan su saya a Abossey Okai, maƙwabtan Sabon Zango, a shagon da aka sani, su tafi da tsohon kayan a gwada. Araha ba ta ado. Kuma don Allah kada a bar karen mota ya shiga ƙarƙashi ba a sa waigi a taya ba, ko ya cusa kai ƙarƙashin kan motar da aka kifa ba a tokare shi ba. Ran ɗan mutane ya fi shanun duka.

Ɗan'uwan namu ya koma Pouytenga bayan Sallah, kuma an ce yanzu kwali ne farkon abin da yake sawa a jaka. Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan a hanyar Bawku, ta Yamai ko ta Lome, ya aiko mana da yadda aka yi don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai direbobinmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.